Ina Dandalin Da Ya Rene Mu Ya Tafi?

A hutun da ya gabata na je gida Ajingi, lokacin kaka, ana ta yankan dawa. Bayan sallar isha'i muna zaune da yayana a ƙofar gida, ga farin wata tar kamar rana, sai wani abu ya tsaya mini a rai: shirun da unguwa ta yi. A dare irin wannan, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, da ƙyar za ka ji maganar wanda ke kusa da kai saboda tafin 'yan mata masu gaɗa da ihun 'yan langa. A wannan daren kuwa yara bakwai na ƙirga sun yi cincirindo a kan waya guda, babu mai motsi. Na kira ɗan yayana mai shekara goma na tambaye shi ko ya iya langa. Ya ce, "Baffa, ina dai jin sunanta."

Kada mai karatu ya ɗauka begen ƙuruciya ne ya sa na ɗauki alƙalami. Abin da nake son nunawa shi ne, wasannin nan wata makaranta ce da ba ta da malami, kuma akwai darussan da a cikinta kaɗai ake samun su.

Mu ɗauki langa. Yara su kasu gida biyu, kowa ya kama ƙafarsa ɗaya ta baya ya riƙa tsalle da ɗayar. Kowane gida yana da ruwansa, wato yaron da ake son ya kai wurin sha ba tare da an kayar da shi ba, sauran kuma su yi ta kare shi suna ture abokan karawa. Wanda ya saki ƙafa ya fita. Amfanin da jiki ke samu a fili yake: ƙarfin ƙafa, daidaituwar tsayuwa da juriyar numfashi. Amma abin da ya fi burge ni shi ne gardamar da ake yi kafin wasa da tsakiyarsa. Wa zai zama ruwa? Wane ya saki ƙafa ko bai saki ba? Babu alƙali, babu babba a kusa. Dole yaran su sasanta da kansu, domin idan gardama ta yi tsawo wasa ya watse, kowa ya yi asara. A nan yaro ke gane cewa doka ba bulalar malam ba ce kawai, yarjejeniya ce da ke kare shi kamar yadda take ɗaure shi. Masanin halayyar yara ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya gina littafinsa na 1932 kan yadda yara ke fahimtar daidai da kuskure ne bisa kallon yaran ƙasarsu suna wasan 'yan duwatsun gilashi suna jayayya kan ƙa'idojinsa. Abin da ya durƙusa yana nazari a titunan Janeba, mu a dandali muka yi shi ba mu san sunansa ba.

Ina yawan tuna wannan idan na ba ɗalibaina na jami'a aikin haɗin gwiwa. Kafin mako ya zagayo wasu sun zo ofis da ƙara: wane ya ƙi yin nasa, wance ta mallake aikin. Ba zan ce rashin langa ne ya jawo ba, amma na tabbata iya sasantawa abu ne da ake koyo ta hanyar yi, kuma mun rage wa yara wuraren yin.

Dara kuwa lissafi ce tsantsa. Gurbi talatin a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, burinsa ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokinsa. Yaron da ya zauna gefen dattawa yana kallo har ya fara bugawa yana koyon hangen abin da zai biyo bayan motsinsa, da haƙurin jira, da haɗiye zafin kaye. Carafken 'yan mata ma haka: jefa dutse sama, kwashe na ƙasa ɗaya-ɗaya, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, a cafe kafin ya faɗo. Ƙirga ke nan haɗe da sarrafa yatsu da ido, abin da hannu ke buƙata ranar da zai riƙe fensir. Gaɗa tana horar da harshe da hadda, kacici-kacici yana wasa ƙwaƙwalwa. Ba banza ba marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara irin waɗannan a jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni don amfanin makarantu.

Sai wasannin kwaikwayo da ƙira. Hausawa sun ce wasa farin girki, kuma yarinyar da ke goya 'yar tsana tana tuƙa tuwon ƙasa a gwangwani ta fassara karin maganar a aikace. Yaron da ya ƙera mota da karan dawa sai da ya auna, ya gwada, ta karye, ya sake. Tashen watan azumi kuwa dandamali ne da yara ke shiga rigar manya su yi musu hannunka-mai-sanda cikin raha.

To me ya kashe dandali? Saukin abu ne a ɗora wa waya laifi, amma ita ta tarar da gurbi ne ta cike. Yaron yau yana fita boko da safe, ya wuce islamiyya da yamma, tsakani kuma ga talla ko kiwo ko ɗiban ruwa. Iyaye sun daina sakin jiki da fitar dare, kuma ba zan ga laifinsu ba. Dandali ma yana da nasa ɓarnar, musamman ga 'yan mata idan babu idon manya. Wasu kuma suna ganin wasa shiririta ce da ta saɓa wa tarbiyya. Ga waɗannan sai in tuna musu cewa ya tabbata a hadisi Nana A'isha (RA) tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), kuma shi da kansa ya yi tseren gudu da ita.

Tunda dandalin dare ba zai dawo yadda yake ba, wurin da ya rage shi ne makaranta, kuma a nan damuwata ta fi yawa. Na san wata firamare da gefen filinta ya koma shaguna, na kuma ga makarantun kuɗi a birni da ke cikin gidan haya, ko wurin tsayuwar taron safe babu. Lokacin tara, wanda a da nan ne ake ɓarje gumi, ya zama lokacin kwafe rubutun allo ko sayen awara. Darasin motsa jiki yana cikin jadawali, amma sau da yawa a takarda ya tsaya, ana rubuta ƙa'idojin ƙwallo a littafi ba a taɓa ƙwallon ba. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa gumi a kowace rana. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta sanya wasa da hutu cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31.

A 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, kuma magana ta fi karkata ga azuzuwa, kujeru da malamai. Duk suna da muhimmanci. Roƙona shi ne duk sabon ajin da za a gina kada a dasa shi a tsakiyar filin wasa, kuma a shata iyakar filayen da suka rage kafin a wayi gari babu su. Sauran aikin ba ya buƙatar kasafi. Langa ba ta cin ko sisi, ga shi tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a Gasar Wasanni ta Ƙasa. Sashen ilimi na ƙaramar hukuma zai iya shirya gasarta tsakanin makarantun Ajingi, Toranke da Balare sau ɗaya a zango, kwamitocin iyaye kuma su gayyato dattawan da suka iya dara su koya wa yara ranar Alhamis.

Kafin na baro gida na tona gurabe talatin a gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu, na nuna wa ɗan yayana yadda ake jeri. A makon jiya mahaifinsa ya kira ni yana dariya, wai yaron ya cinye shi sau biyu a jere, yanzu kuma rigimarsu ita ce ko jerin huɗu yana ci.