Abin da "Sha Ka Fashe" Ke Taɓawa a Cikin Ƙwayar Halitta

A cikin ƙwayoyin halittar jikin ɗan'adam akwai wasu furotin da aikinsu shi ne kunna ƙwayoyin gado ko kashe su idan jiki ya shiga matsi, kamar ciwo, yunwa, rauni ko firgici. Biyu daga cikinsu sun isa su bayyana yadda maganin ƙibar da ake kira "sha ka fashe", wanda sau da yawa deksametazon ne, ke jawo ciwon suga da raunin garkuwar jiki tare.

Na farko shi ne NF-κB, wanda Ranjan Sen da David Baltimore suka gano a Amurka a 1986. A ɗaure yake zaune, wani furotin mai suna IκB na riƙe da shi. Da zarar ƙwayar cuta ta shigo, sai IκB ya wargaje, shi kuma ya shige cibiyar ƙwayar halitta ya kunna abubuwan da ke haddasa kumburi da zazzaɓi, masu kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa fagen fama.

Na biyu shi ne mai karɓar kotisol, sinadarin da wasu 'yan ƙullutai biyu da ke bisa ƙoda ke fitarwa a lokacin wahala. Idan kotisol ya kama shi, yakan ba da umarni iri biyu. Yakan sa hanta ta ƙera suga, tsoka kuma ta narke don samar mata kayan aiki. Sannan yakan taka wa NF-κB birki. A 1995 masu bincike suka nuna cewa ɗaya daga cikin hanyoyinsa ita ce ƙara yawan IκB. Tsari ne irin na magidancin da fari ya matsa wa, ya fasa rumbu har ya taɓa irin shuka: a shekara ɗaya ceto ne, idan ya zama al'ada kuwa gida ya mutu.

A nan ne masu shan deksa don neman ƙiba suke kuskure. Suna ganin kumatu sun ciko, abinci na shiga, sai a ce jiki ya murmure. Ba murmurewa ba ce. Deksametazon yana kama mai karɓar nan kamar kotisol, amma ya fi shi ƙarfi kusan sau 25, kuma aikinsa kan wuce kwana guda a jiki, don haka mai shan sa kullum ya bar wancan umarni a kunne dare da rana. Kitse ya taru a fuska da ciki da doron wuya, hannuwa da ƙafafu su rame saboda tsoka ta zube. Suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni. Garkuwa kuma ta yi sanyi, har tarin fuka da ke kwance a huhu ya samu damar tashi. Irin wannan kama ce likita Harvey Cushing ya bayyana a 1932 a matsayin cuta. Wasu mayukan bilicin ma na ɗauke da dangin maganin, kuma yana ratsa fata.

Maganin kansa ba abin ƙi ba ne. A watan Yunin 2020 gwajin RECOVERY na Jami'ar Oxford ya nuna cewa miligiram 6 a rana, na tsawon da bai wuce kwana 10 ba, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku tsakanin masu korona da ke kan na'urar numfashi, waɗanda kumburi ke neman hallakawa. Waɗanda ba su buƙaci iskar oksijin ba kuwa ba su amfana ba. Abin takaici ne a ce magani mai irin wannan sharaɗi ana sayar da shi a kemis da kasuwa ba tare da takardar likita ba, hukumomi na kallo.

Wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya daina farat ɗaya ba. Ƙullutan nan na bisa ƙoda sun riga sun rage aiki, yankewa nan take na iya kawo amai, faɗuwar jini da suma, har mutuwa. Likita ne ke rage adadin sannu a hankali, cikin makonni ko watanni, har jiki ya koma ƙera nasa kotisol.