A Rufe, Amma A Faɗi Ranar Buɗewa

Akwai wani wasan kwamfuta mai suna EVE Online da kamfanin CCP na ƙasar Aisland ya fitar a 2003, wanda dubban mutane daga sassan duniya ke bugawa tare ta intanet. Kullum da ƙarfe 11 agogon GMT, wato 12 na rana agogon Nijeriya, akan dakatar da manyan na'urorin da ke ɗauke da wasan na 'yan mintoci domin gyara. Haka ma World of Warcraft, da ya fito a 2004, ya saba ware ranar Talata ga 'yan wasansa na Amurka. A wannan taƙi ne ake ɗora sabbin manhajoji, a toshe kafofin da masu kutse ke bi, a kintsa rumbun bayanai, domin ba ya yiwuwa a sauya dakalin ɗaki alhali jama'a na zaune a kai. Ɗan wasa ya san lokacin rufewa, ya san na buɗewa, sai ya shirya.

To, mai karatu ya auna wannan da abin da ya sami Kudancin Katsina a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Dandume, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, da nufin karya lagon 'yan bindiga. Ba wanda zai musa cewa matakin tsaro ba a yi masa shela tun kafin a ɗauka. Amma bayan an ɗauka fa? Ba a ce wa jama'a ga ranar da za a buɗe ba, sai a Disamba aka fara maido da layukan.

Watannin nan kuwa su ne kaka. Manomin masara da waken suya ya kai kaya kasuwa bai san farashin Dawanau ba, sai abin da dillali ya faɗa masa. Na'urorin POS sun zama kwanko, aka koma yawo da tsabar kuɗi a kan hanyoyin da ake gudun 'yan fashi. Wasu sai sun niƙi gari har Zariya kafin su kira 'yan'uwa. Mai naƙuda da dare kuwa, sai dai addu'a.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar ta wuce batun tsaro. Banki zai gyara na'urorinsa, ko masu lantarki za su yi aiki a kan layi, akan liƙa sanarwar da Turanci a shafin intanet, inda mai injin niƙa ba ya leƙawa. Me zai hana a faɗe ta da Hausa a gidan rediyo kwana uku kafin aikin, tare da sa'ar farawa da ta gamawa, a kuma kauce wa ranakun cin kasuwannin hatsi daga Oktoba zuwa Disamba?