Cutar Farin Ɗigo a Jikin Kifin Ado da Dalilin Dawowarta Lokacin Hunturu a Zariya

Kifin zinare, wanda mutanen ƙasar Sin suka fara kiwo fiye da shekaru 1,000 da suka wuce, yana yawan kamuwa da cutar farin ɗigo, kamar yadda tarwada ma ke kamuwa da ita. Mai haddasa ta wata ƙwayar halitta ce, Ichthyophthirius multifiliis, wadda Fouquet ya raɗa wa suna a 1876. Alamominta su ne ɗigo-ɗigo kamar barbaɗin gishiri a fata, yawan goga jiki da saurin numfashi.

Muddin ƙwayar tana cikin fata, magani ba ya isa gare ta. Idan ta ƙosa sai ta faɗo ƙasan ruwa, ta lulluɓe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya. Waɗannan 'ya'yan masu iyo su ne magani ya fi kashewa. Saboda haka ɓacewar ɗigon ba warkewa ba ce.

A ruwa mai ɗumin digiri 25, zagayen rayuwarta yakan cika cikin kusan mako guda. A ruwa mai sanyi kuwa yakan ɗauki makonni. Ke nan mai kiwo a Ƙofar Doka da ya dakatar da magani da wuri, tsakanin Disamba da Fabrairu, yana iya rasa kifayensa duka.

Abin yi shi ne gishiri gram 3 a kowace lita, sauya wani kaso na ruwan a kai a kai, da ci gaba da magani bayan ɗigon ƙarshe. Sabon kifi kuma a keɓe shi aƙalla makonni 2.