Sirrin Fatken Albasa na Lafani

A watan Disamban 2020 aka sake buɗe iyakar Illela, bayan ta shafe wata 16 a garƙame tun Agustan 2019. Fatake da dama sun daɗe suna lalube kafin su miƙe. Amma wani dattijo mai fataucin albasa daga Lafani, cikin mako guda harkarsa da Birnin Ƙonni da ke Nijar ta koma kamar ba a taɓa tsayawa ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Da fari na zargi jari. Sai na tarar a kasuwar Lahadi ta Illela akwai waɗanda suka ninka shi kuɗi, ga su zaune ba abokan ciniki. Na koma zargin ɓarauniyar hanya. Maƙwabtansa suka shaida mini ko buhu ɗaya bai tsallakar ba lokacin rufewar.

Bakin zaren ya fito ne daga wani littafi mai maiƙon hannu da ke ƙarƙashin tabarmarsa. Sunayen yaransa ne a ciki, kowa da abin da ake koya masa: wannan lissafin sefa da naira, wancan takardun kwastan, wani zaɓen albasa, ya latsa wuyanta da babban yatsa ya san wadda za ta jure ajiya. A gefen kowane suna an rubuta na wanda zai gaje shi.

Daga nan sauran ya warware. Da aka rufe iyaka, takwarorinsa suka sallami yaransu, wasu suka tafi cirani Legas, kowa ya tafi da sanin hanya da amanar masu saye a kansa. Shi kuwa ya rage riba ya riƙe nasa, ya tura su noman rani, ya sa mai jin Faransanci ya riƙa gaisawa da abokan hulɗa ta waya.

Iyakar ta sake rufuwa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, ya kuma maimaita dabararsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mota da buhu ana samunsu da kuɗi yau yau, amma yaron da Ƙonni ta yarda da shi shekaru ake yi ana renonsa.