Ƙwan LED Na Rage Kuɗin Wuta, To Me Ke Dumama Kebul?

Ƙwan LED mai wat 9 yana haska ɗaki kamar tsohon ƙwai mai wat 60. Sai dai ba ya jan wuta a hankali, fizgarta yake yi guntu-guntu, kamar cajar wayarka. Fizgar nan ke haifar da hamonik, wato ƙarin kaɗawa a kan 50Hz da aka saba, musamman 150Hz.

A gida mai ƙwai biyar ba komai. Amma a babban shago ko otal mai layi uku, wutar 150Hz ba ta soke juna a wayar nutiral, taruwa take yi, har takan zarce ta kowane layi. Kebul ya ɗau zafi, kuɗi ya tafi a banza, roba ta fara lalacewa. Araha ba ta ado: ƙwayaye marasa inganci sun fi yawan hamonik. Kada mai haɗa wuta ya sa maka siririyar nutiral.