Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Ake Ɗaura Lensin Zamanin Fim A Kan Kyamarar Dijital

Duk wanda ya sayi kyamarar dijital irin wadda ake canza wa ido, wato lensi, ya san kuɗin kyamarar somin-taɓi ne. Ƙaramin lensin da take zuwa da shi yana aiki da rana, amma da zarar magariba ta kawo jiki sai hoto ya fara duhu da dishi-dishi. Ranar da ka leƙa kasuwa neman wanda ya fi shi, za ka tarar wani lensi guda ya fi kyamarar kanta tsada, ga shi kuma komai da dala ake lissafa shi. Shi ya sa matasa da yawa masu ɗaukar hoton biki da masu shirya bidiyon YouTube suke zama da ido ɗaya shekara da shekaru.

Akwai wata hanya mai sauƙin kuɗi. Miliyoyin lensi da aka ƙera wa kyamarorin fim tsakanin shekarun 1960 da 1980 suna nan da ransu, wasu a shafukan sayar da gwanjo na intanet, wasu a cikin akwatunan dattawan da suka yi sana'ar hoto kafin zuwan dijital. Da wani zoben ƙarfe da ake kira adafta, za ka iya ɗaura su a kan kyamararka ta yau. Sai dai ba kowane lensi ke hawa kowace kyamara ba, kuma lamba ɗaya ce tak ke yanke wannan hukunci. Wanda ya san ta ba zai yi asarar kuɗinsa ba.

Yadda suka zama marayu

A 1985 kamfanin Minolta ya fitar da kyamarar Minolta 7000 mai saita fokas da kanta, ya kuma canza mata baki, wato wurin da ake murɗa lensi ya zauna. A 1987 Canon ya bi sahu: ya ajiye tsohon bakinsa na FD ya koma EF. Daga nan tulin lensi masu kyau suka rasa sabuwar kyamarar da za su hau, farashinsu ya faɗi ƙasa warwas. Ko da dijital ta zo, kyamarorin DSLR ba su magance matsalar gaba ɗaya ba, domin har yanzu akwai madubi a cikinsu kamar na zamanin fim, kuma madubin nan yana cin wuri.

Lamarin ya sauya a 2008, lokacin da Panasonic ya fitar da Lumix G1, kyamarar da ake canza wa lensi amma babu madubi a cikinta. A 2013 Sony ya kawo A7, marar madubi mai sensa daidai da girman fim, milimita 36 da 24. Sensa ita ce ɗan allon da ke karɓar haske a madadin fim. Nikon da Canon su ma sun fito da nasu irin wannan a 2018. Cire madubin nan shi ya buɗe wa tsofaffin lensi ƙofa.

Lambar da ke yanke hukunci

Kowane lensi an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara ƙayyadadda daga fim. Idan ya matsa gaba ko da kaɗan ne, ba zai iya fito da abin da ke nesa tangaran ba. Ga tazarar wasu tsofaffin bakuna, a ma'aunin milimita:

- Nikon F: 46.5
- Olympus OM: 46
- M42 da Pentax K: 45.46
- Minolta MD: 43.5
- Canon FD: 42

Ga kuma na kyamarorin yau:

- Canon EF, na DSLR: 44
- Canon RF: 20
- Micro Four Thirds: 19.25
- Sony E: 18
- Fujifilm X: 17.7
- Nikon Z: 16

Lissafin ɗebewa ne kawai. Ka ɗauki lambar lensi, ka cire lambar kyamara, abin da ya rage shi ne kaurin adaftar da ake buƙata. Lensin M42 a kan Sony E: 45.46 a cire 18, saura 27.46. Adaftar ba ta ƙunshi gilashi ko waya ba, bututu ce kawai mai wannan tsawo da ke cike gurbin da madubi ya bari. Tunda babu gilashi a cikinta, ba ta rage ingancin hoto.

Matsala tana zuwa ne idan amsar ta faɗa ƙasa da sifili. Lensin Canon FD a kan Canon DSLR: 42 a cire 44, babu wurin da adafta za ta shiga. Haka M42 a kan Nikon DSLR. Ana sayar da adaftocin irin wannan haɗi, amma ko dai su hana ka ganin nesa, ko kuma a saka musu wani ɗan gilashi mai arha da ke dusashe hoton. Araha ba ta ado. In kyamararka Canon DSLR ce, M42 da Nikon F da Olympus OM za su hau ta da siririn zobe, sai dai a manyan samfura irin 5D wasu lensi kan taɓa madubi idan an murɗa su zuwa nesa. In Nikon DSLR ce, tsaya a kan tsofaffin lensin Nikon, ka kuma bincika ko samfurinka yana karɓar waɗanda aka yi kafin 1977, domin wasu daga cikinsu na iya lalata wani ɗan hannu da ke bakin kyamarar.

Abin da za ka koma yi da hannu

Kyamara ba ta san an ɗaura mata komai ba, tunda babu wata waya da ta haɗa ta da lensin. Don haka wasu kan ƙi ɗaukar hoto sai ka shiga saiti ka ba su izini. A Sony sunan wurin Release w/o Lens, a Fujifilm kuma Shoot Without Lens.

Ƙofar haske, wadda ake auna ta da lambobi irin f/2 da f/8, a jikin lensin za ka riƙa murɗa ta. Ka sa kyamara a kan A, ko Av a Canon, ita za ta zaɓi saurin ɗauka gwargwadon hasken da ya shigo. Ko ka sa ta a M ka riƙe komai da kanka. Wasu lensin M42 suna da wani ɗan tsinke a baya wanda sai an danna shi ƙofar ke rufuwa. In lensin yana da maɓallin A/M, mayar da shi M. In babu, nemi adafta mai leɓe a ciki da ke danne tsinken. Adaftar FD kuma tana da zobe mai rubutun Lock da Open, wanda in ba ka murɗa shi ba ƙofar ba za ta motsa ba. Mutane da yawa kan ɗauka lensi ya lalace alhali wannan ne kawai.

Fokas shi ne babban aiki. Kyamarori marasa madubi suna da mataimaka biyu. Na farko shi ne Focus Peaking, wanda ke shafa launi ja ko rawaya a gefen duk abin da ya fito tangaran. Yana da sauri, amma a f/1.4 ko f/2 yakan yaudare ka, ya nuna launi a fuska gaba ɗaya alhali fokas ɗin a kan kunne yake. Na biyu shi ne zuƙo hoton a allo kafin ɗauka. Ka ware masa maɓalli guda: ka zuƙo ƙwayar idon mutum, ka murɗa har gashin ido ya fito ɗaya-ɗaya, sannan ka danna.

In kyamararka tana da tsarin hana girgiza a cikinta, sai ka shigar mata da tsawon lensin da hannu, misali 50mm. In ka bar lambar wani lensi daban, ƙara girgizar za ta yi.

Saura bayanan da ke ɓoye a cikin fayil ɗin hoto, waɗanda ake kira EXIF. Wurin sunan lensi zai fito fayau. Ni da manhajar ExifTool nake cike shi, kyauta ce, kuma layi ɗaya ya isa:

exiftool -LensModel="Helios 44-2" -FocalLength=58 *.jpg

Za ta rubuta sunan a duk hotunan da ke cikin folda, ta kuma ajiye maka kwafin na asali.

Girman sensa yana canza lissafi

An yi waɗannan lensi ne domin fim mai faɗin milimita 36. Kyamarori masu sauƙin kuɗi irin Sony a6000 da yawancin Fujifilm suna da ƙaramar sensa, APS-C, wadda tsakiyar hoton kawai take kamawa. Sai ka ninka lambar lensi da 1.5, ko 1.6 a Canon, ko 2 a Micro Four Thirds. Lensin 50mm zai ba ka faɗin gani irin na 75mm. Wannan alheri ne ga mai ɗaukar hoton fuska, amma wanda ke son ya kama dangin amarya gaba ɗaya a cikin ƙaramin falo zai ja da baya har ya jingina da bango. Akwai adafta mai gilashi na musamman, irin Speed Booster da Metabones ya fitar a 2013, wadda ke matse hoton da 0.71, ta dawo da yawancin faɗin, ta kuma ninka hasken da ke isa sensa. Tana da tsada, ba da ita ake farawa ba.

Da wanne za a fara?

Fara da 50mm ko abin da ke kusa da shi. Kusan kowace kyamarar fim da irinsa aka sayar da ita, don haka sun fi yawa, sun fi arha, kuma kamfanoni sun ƙware a ƙera su. Canon FD 50mm f/1.8, Minolta MD 50mm f/1.7, Pentax-M 50mm f/1.7 da Olympus Zuiko 50mm f/1.8 duk ba za su ba ka kunya ba. Lensin da ke zuwa da kyamara yakan tsaya a f/5.6 idan an zuƙo shi zuwa 50mm. A f/2 hasken da ke shiga ya ninka wannan sau takwas. Wannan shi ne bambancin hoton kamu da daddare mai tsabta da wanda ya cika da dishi-dishi.

Wanda ya fi suna shi ne Helios 44-2, 58mm f/2, mai bakin M42. A Tarayyar Sobiyet aka ƙera miliyoyinsa domin kyamarorin Zenit, bisa tsarin Biotar na kamfanin Carl Zeiss na Jamus. Idan ka tsayar da mutum a gaban bishiya mai ganye, rana tana ratsowa, bayansa zai narke ya riƙa juyawa kamar guguwa. A wurin injiniya aibi ne, amma saboda shi ake nemansa. Mai ɗaukar fim Greig Fraser ya yi amfani da lensin Sobiyet da aka sake wa gida a The Batman na 2022 da Dune: Part Two na 2024. Zack Snyder kuma ya ɗauki Army of the Dead na 2021 da tsofaffin lensin Canon na shekarun 1960, ciki har da 50mm f/0.95. Irin wannan suna ya ɗaga farashin wasu, don haka ka kwatanta wurare da dama kafin ka biya.

Akwai kuma Super-Takumar 50mm f/1.4 na Asahi Pentax. Yawancinsu an gauraya gilashinsu da sinadarin toriyam, wanda ke fitar da ɗan tururin nukiliya, kuma shi ke sa gilashin ya koma rawaya da tsufa. Amfani da shi na yau da kullum ba abin fargaba ba ne, amma kada a fasa gilashin ko a goge shi da abu mai kaushi.

Waɗanda ya kamata ka yi taka-tsantsan da su biyu ne: tsofaffin lensi masu zuƙowa, da masu faɗi sosai irin 24mm zuwa ƙasa. A waɗannan fannoni na zamani sun yi musu nisa.

Kafin ka miƙa kuɗi

Kunna tocilan ɗin wayarka ka haska ta baya, ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kusan babu tsohon lensin da ba shi da ita. Abin gudu shi ne zare-zare kamar yanar gizo-gizo, wato fumfuna, wadda in ta daɗe takan cinye fuskar gilashi. Sai hazo da ya lulluɓe ciki, wanda ke kashe kaifin launi. Murɗa zoben ƙofar haske daga farko zuwa ƙarshe: ganyayen ƙarfen su buɗe su rufe da hanzari, babu maiƙo a jikinsu. Murɗa zoben fokas, ya tafi sumul ba cijewa. Ƙarcewa a gilashin baya ta fi ta gaba illa. In ta intanet za ka saya, nemi hoton gilashin da haske a bayansa, ka kuma tabbatar da sunan bakin, domin kamfanoni irin Vivitar da Tokina sun yi lensi iri ɗaya da bakuna daban-daban.

Ita ma adaftar ka gwada ta ranar da ta iso. Ta zauna daram ba girgiɗi. Ka auna wani dogon gini ko eriyar waya da ke nesa, ka murɗa fokas zuwa alamar ∞. In abin ya fito tangaran kafin ka kai ƙarshe, babu damuwa, da gangan ake ɗan rage musu tsawo. In ka kai ƙarshe bai fito ba, adaftar ta yi tsawo, mayar da ita.

Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗi. Waɗannan lensi ba su da robar da ke tare ƙura, kuma a kyamara marar madubi sensa a buɗe take da zarar ka cire lensi. A lokacin hunturu ka canza a cikin ɗaki ko mota, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Da damina kuma kada ka bar su a jakar fata cikin duhu, nan fumfuna ke samun gida. Robar abinci mai murfi da 'yan ƙullin silika irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi sun wadatar.

Wa abin ya dace da shi?

In aikinka ɗaukar ƙwallo ne, ko hawan sallah inda doki ke tahowa a sukwane, ko shigowar amarya da ba a maimaitawa, riƙe lensinka mai fokas da kansa, domin abokin ciniki ba zai karɓi uzurin dusasshen hoto ba. In kuwa hoton fuska kake yi, ko kayan sayarwa, ko hira a zaune, ko gajeren fim, inda dama da hannu ake jan fokas, tsohon 50mm zai ba ka abin da sai ka tara kuɗi mai yawa kafin ka samu a sabo.

Duba sunan bakin kyamararka, ka nemo lambarsa a jerin da ke sama, ka yi ɗebewar. Sannan ka sayi lensi ɗaya da adafta ɗaya, ka yi wata guda kana ɗauka da shi kullum kafin ka kai shi wurin aikin da aka biya ka.