Wa Ke Sa Ido Kan Gwajin Halittu a Sararin Samaniya?

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, ɗakin gwaji ce da ake rainon ƙwayoyin cuta da ɓeraye da tsirrai a cikinta, domin a ga yadda mai rai ke sauyawa idan nauyi ya gushe, wato yanayin da abu ke shawagi ba ya faɗuwa. Aikin na buƙatar ƙa'ida mai tsauri saboda iskar cikin tashar ita ake ta tacewa ana sake shaƙa, babu tagar da za a buɗe, kuma ruwan da ya zube ba ya kwanciya, sai ya dunƙule ya yi ta yawo har ya faɗa wa wani a ido ko hanci. Shi ya sa ake kulle samfur mai haɗari cikin mazubi biyu ko uku, wani cikin wani, a kuma sarrafa shi a rufaffen akwati mai safar hannu a jikinsa. Wannan tsoro yana da tushe, domin a 2006 an tafi da ƙwayar Salmonella, dangin mai haddasa taifot, cikin jirgin sararin samaniya mai suna Atlantis, kuma da aka dawo da ita aka ba ɓeraye, sai aka tarar ta fi 'yar'uwarta da ta zauna a ƙasa kisa.

Tushen dokar da ta shafi irin waɗannan ayyuka shi ne yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, wadda sashenta na shida ya ɗora wa kowace ƙasa alhakin abin da kamfanoninta suka aikata a can, da ba su izini da sa musu ido, sashe na tara kuma ya nemi a guji gurɓata wata da sauran duniyoyi. Sai dai an rubuta ta ne a zamanin da gwamnatoci kaɗai ke harba kumbo, ba ta kafa wata hukumar bincike ba, kuma ƙa'idojin kwamitin masana na COSPAR, da ke fayyace mene ne gurɓatawa, shawara ce kawai da ba ta da ƙarfin kotu. Giɓin ya fito fili a Afrilun 2019, lokacin da kumbon Isra'ila mai suna Beresheet ya tarwatse a kan wata ɗauke da dubban busassun 'yan halittu masu ƙafa takwas, da ƙyar ido ke ganin su, waɗanda suka shahara wajen jure sanyi da ƙishirwa. Wata gidauniyar Amurka ce ta cusa su cikin kayan, duniya ba ta ji ba sai bayan hatsarin, kuma ba a hukunta kowa ba.

Abin da ya fi shafar talaka shi ne magani. Kamfanin Varda na Amurka ya sarrafa sinadarin ritonavir, maganin cutar ƙanjamau, a cikin wani ƙaramin kumbo da ya harba a 2023, amma kumbon bai sauka a jihar Utah ba sai Fabrairun 2024, saboda hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta jinkirta ba shi lasisin dawowa. Lasisin nan, ya kamata a lura, na kare mutane ne daga faɗowar kumbo, bai ce komai kan ingancin abin da ke ciki ba. Ke nan duk mai tallar man shafawa ko ƙarin abinci da ya ce an gwada kayansa a sararin samaniya bai kawo hujjar cewa yana warkarwa ba, domin ana iya sayen gurbin aika samfur da kuɗi. A Nijeriya, rajistar NAFDAC ce sharaɗin sayar da magani, ko a ina aka haɗa shi.